Babi na Shida: Zaman Masunta da Hukuma

Darasi na 1: Wa ya kamata ya zo zaman?

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Yau za mu koyi abin da ake yi idan hukuma ta kira masuntan bakin teku zama.

Ku fara duba waɗanda suka hallara. Mai kwalekwale ya zo, jami'in hukumar kifi ya zo, wakilin manyan jirage masu jan raga ya zo. To ina matan da ke kyafa kifi su sayar? Ina yaran jirgi da ba su da kwalekwalen kansu? In ba su nan, zaman bai cika ba. A 2014 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta amince da ƙa'idojin kare ƙananan masunta. A ciki ta ce fiye da 90 cikin 100 na masu kamun kifi da sarrafa shi a duniya ƙananan masunta ne, kuma kusan rabinsu mata ne. Ta ce a riƙa yanke shawara tare da su. Ke nan zuwanku haƙƙinku ne, ba alfarma aka yi muku ba.

Darasi na 2: Takardar zama

Nan ne ake tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Duk abin da aka amince da shi, sakatare zai rubuta a takarda. A can sama, hannun dama ko hagu, akwai kwanan wata: rana, wata, shekara. Ku ɗora yatsa a kai. In babu, ku ce a rubuta. Ƙasa da shi sunayen waɗanda suka zo. Sai shawarwarin. A ƙarshe akwai layukan da ake sa hannu ko a dangwala yatsa.

Kada ku dangwala sai an karanta muku da ƙarfi, daga farko har ƙarshe.

Na sha ganin dattijo ya yi awa biyu yana kare wurin kamunsa da hujja mai kyau, da aka miƙo takarda sai ya dangwala bai ji ko layi ɗaya ba, don kunyar kada a ce bai iya karatu ba. Ba abin kunya a nan. Ku ce, “Don Allah a karanta mana.” Mu faɗa tare. A sake. Madalla.

In an zo kan lamba, a tsaya. Ƙasashe da yawa sun keɓe wa masu kwalekwale ruwan da ke kusa da gaɓa, sun hana manyan jirage shiga, don nan ne kifi ke zuba ƙwai, ƙanana su girma. Galibi ana auna wannan fili da mil na teku, mil ɗaya mita 1,852 ne. Mil 5 da kilomita 5 ba ɗaya ba ne. Mil 5 ya haura kilomita 9. Ku tambaya: mil ne ko kilomita? Ku kalli lambar da idonku, sannan a ci gaba da karantawa.

An gama? Abin da kuka ji shi ne abin da kuka faɗa? To yanzu ku dangwala. Yanzu, ba ɗazu ba.

Wasunku za su ce na cika maimaitawa. A gwajin da muka yi a aji ai na miƙa farar takarda, ba komai a jikinta, wasu suka dangwala suna murmushi. Haba! Da a gaban hukuma ne fa? A karanta tukuna. Kuma ku karɓi kwafinku, ku sa a leda kada ruwa ya taɓa.

Darasi na 3: Idon raga da hutun kamu

Idan an tsayar da girman idon raga, a kawo raga a auna a gaban kowa. Idan an sa lokacin hana kamu, a rubuta ranar farawa da ranar buɗewa, a kuma rubuta ko dokar ta hau kan manyan jirage. A karanta kafin a dangwala.

Darasi na 4: Kai ƙara

Jirgi ya yanke muku raga? Ku rubuta rana, lokaci, wuri, da suna ko lambar da ke jikin jirgin. Ku kai wa shugaban ƙungiyarku.

Aikin gida: rubuta kwanan watan yau sau biyar.