Soja mai rauni: abin yi kafin zaman kwamitin likitoci

'Yan'uwa da ke dab da ajiye kaki, maganar diyyar rauni tana tsayuwa ne a kan abu ɗaya: rahoton kwamitin likitoci ya nuna cewa a bakin aiki aka samu raunin, ko kuma aikin ne ya tsananta shi. In babu wannan a rubuce, ko mutum na ɗingishi a gaban kowa, Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja takarda take dubawa.

Don haka a fara tattara shaida tun da wuri. A nemi rahoton farko da aka rubuta ranar da abin ya faru, da takardar tura mara lafiya zuwa babban asibitin soja irin Asibitin 44 da ke Kaduna ko Asibitin 68 da ke Yaba a Legas, da hotunan ƙashi da sakamakon gwaji. Fayil kan ɓata idan an canja wa mutum bataliya, saboda haka a ajiye kwafi biyu a gida, takardun asali kuma kada su bar hannu.

Ranar zaman, a bar jarumta a waje. Wanda ya ce "da sauƙi" alhali ba ya iya durƙusawa ko ɗaukar kaya, abin da za a rubuta ke nan. A faɗi har raunin ji da rashin barci.

Idan sakamakon bai yi daidai ba, a rubuta ƙorafi ta hannun kwamanda kafin sallama, a haɗa da sabon rahoton ƙwararren likita, a karɓi kwafi mai hatimi. Kotu kan kori ƙarar sojan da bai fara bin matakan ƙorafi na cikin rundunar soja ba.