Yadda Ake Amfani da Ɗan Rago Wajen Alamta Tsarkin Ƙuruciya a Waƙa

Da yawa daga cikin matasan da ke rubuta waƙa a Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi sun fara gamuwa da ɗan rago a matsayin alama ne a darasin adabin Turanci, inda aka gaya musu cewa yana nufin tsarkin zuciya da rashin laifi irin na ƙaramin yaro. Daga nan sai su ɗauko shi yadda yake, fari tas, mai taushin gashi, su ajiye shi cikin baitin Hausa, sannan su yi mamakin yadda waƙar ta fito ba rai. Dalili shi ne mai sauraro Bahaushe ya riga ya san tumaki da idonsa da hancinsa, kuma yana da nasa tunanin a kansu, wanda dole mawaƙi ya yi lissafi da shi kafin ya rubuta ɗango ko guda.

Aikin farko shi ne ka san inda alamar ta samo ƙarfinta a adabin da ka aro ta. Mawaƙin Ingila William Blake, wanda aka haifa a Landan a 1757 ya mutu a 1827, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na ƙuruciya a 1789, kuma a ciki akwai gajeriyar waƙa mai baiti biyu inda yaro yake tambayar ɗan rago ko ya san wanda ya halicce shi, ya ba shi abinci da sutura da murya mai daɗi. A baiti na biyu yaron ne da kansa yake ba da amsa bisa aƙidar Kirista, wadda take kiran Annabi Isa Ɗan Ragon Allah, kamar yadda ya zo a Linjilar Yohanna, sura ta 1, aya ta 29. Ke nan a wurin mai karatun Blake, yaro da ɗan rago da wanda ake bauta wa sun haɗu a suna guda, kuma wannan haɗuwar ce take ɗauke da waƙar. Malamin da ke koyar da ita ga ɗalibai Musulmi ya kamata ya bayyana wannan a fili, a matsayin abin da maƙwabtansu Kiristoci suka yi imani da shi, domin idan ya tsallake shi don gudun magana, abin da zai rage a hannun ɗalibai waƙar renon jarirai ce kawai.

Bayan haka ka dawo gida ka tambayi kanka abin da mai sauraronka yake ji idan an ambaci rago. Abin da zai fara zuwa masa shi ne ragon suna da aka yanka ranar da ya kwana bakwai a duniya, sai ragon layya, sai ƙissar Annabi Ibrahim da ɗansa a cikin Suratus Saffat, inda aya ta 107 take cewa an fanshi yaron da abin yanka mai girma, wanda malaman tafsiri suka ce rago ne. A wannan ƙissa yaro da rago ba abu guda ba ne. Ɗaya ya tsaya a madadin ɗaya, ɗaya ya rayu saboda ɗayan ya mutu. A ganina nan ne arzikin mawaƙin Hausa yake, domin alaƙar fansa ta fi alaƙar kamanni zurfi, kuma babu buƙatar a yi wa kowa dogon bayani a kanta. Tsarkin yaro ma yana da gindinsa a wurinmu: hadisi ya ce kowane abin haihuwa ana haihuwarsa a kan fiɗira, wani kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Sai dai ka kiyaye, domin Bahaushe yana kallon tunkiya a matsayin dabba marar wayo, mai bin ta gaba ko ina ta nufa. Idan ka ce yaro tunkiya ne, zagi za a ji. Saboda haka ka tsaya a kan ɗan rago sabon haihuwa, ka kuma nuna cewa rashin saninsa na ƙuruciya ne, irin wanda ake nufi idan aka ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Mataki na gaba ba a kan takarda ake yinsa ba. Ka nemi gidan da ake kiwo a unguwarku, ka zauna kusa da turke ka yi kallo da natsuwa. Tunkiya tana ɗaukar ciki kimanin wata biyar, kuma ɗan da ta haifa ba fari tas yake faɗowa ba, yana zuwa ne jiƙe, da ɗan rawaya-rawaya a gashinsa, uwar tana lasarsa tana wani ƙaramin gurnani da ba ta yi wa kowa sai shi. Kafin a jima zai yunƙura, ƙafafun baya su riga na gaba miƙewa, ya faɗi, ya sake tashi. Idan ya ɗan girma za ka ga yana durƙusawa a kan gwiwoyinsa na gaba domin ya sha nono, yana tunkuɗar hantsar uwar da kai, jelarsa tana kaɗawa da sauri. Idan ɗan wata tunkiyar ya matso, uwar za ta sunsune shi ta ture shi. Waɗannan abubuwa su ne kayan aikinka. Durƙuson nan kaɗai ya isa ya ɗauki baiti guda, domin duk wanda ya taɓa ganin yaro ya gurfana gaban malaminsa da allo a hannu zai haɗa hotunan biyu ba tare da ka ce masa komai ba. Ka lura kuma da irin dabbar da kake nufi, ko gajeriyar tunkiyar kurmi ce da ake gani tana yawo a lungunan Kumasi, ko kuwa dogayen raguna irin uda da balami da ake saukewa daga manyan motoci daga Burkina Faso da Mali da Nijar idan Babbar Sallah ta gabato.

Sannan ka yanke shawarar wanda zai yi magana a cikin waƙar. Idan babba ne yake magana, zai yi wuya ka kauce wa wa'azi, domin babba ya san ƙarshen labari kuma bakinsa ba ya haƙuri. Idan ka ba yaro bakin magana, dole ka hana shi sanin abin da bai kamata ya sani ba, ka bar mai sauraro ya ɗauki nauyin sanin. Yaron da yake ba ragon gidansu dusa da ɓawon rogo kullum, ya wanke shi da sabulu ana jajiberin Sallah, zai iya tambayar mahaifinsa, "Baba, gobe ma ni zan ba shi ruwa?" Tambaya irin wannan ta fi duk wani ɗango da zai ce yaro ba shi da laifi. Ga misalin yadda za a iya fara ginin:

Dusa na ba ka da hannuna,
Ka lashi gishirin tafina.
Baba na wasa wuƙa a zaure,
Kai ko kana ta biyar sawuna.

Babu inda aka ambaci tsarki ko amana a cikin waɗannan ɗangogi, amma duk suna nan, kuma wuƙar da ke cikin ɗango na uku ita ce ta sa sauran ukun suka yi nauyi.

Wannan shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe, cewa alamar ba ta aiki sai da inuwar abin da ke barazana gare ta. Blake da kansa ya gane haka, shi ya sa a 1794 ya haɗa kundin farko da na biyu, wanda yake magana a kan abin da duniya take koya wa mutum, kuma a ciki ya tambayi damisa ko wanda ya halicci ɗan rago shi ne ya halicce ta. Tun ma a kundin farko akwai waƙar yara masu share bututun hayaƙi na gidajen Landan, inda aka aske wa wani ƙaramin yaro gashinsa mai nannaɗewa irin na bayan ɗan rago, kuma an rubuta ta ne a zamanin da majalisar Ingila ta yi dokar 1788 da ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 8 ba a wannan aiki. Mawaƙin Hausa yana da kura a tatsuniya, yana da wuƙa da igiya da dillali a kasuwa. Yana kuma da yaran da yake gani da idonsa, kamar 'yan matan da suka taso daga arewacin Gana suna dakon kaya a kasuwar Kejetia, waɗansu cikinsu ba su wuce shekarun wasan gaɗa ba, da kwano a ka wanda ya fi su faɗi. Idan za ka sa irin wannan yarinya a waƙa, ka ba ta abin da take so da abin da take tsoro da abin da ke ba ta dariya, kada ka mayar da ita abar tausayi kawai, domin ɗan ragon gaske ma yana tsalle yana tunkuyi, ba kullum yake kwance yana jiran yanka ba.

Zama a ƙasar Asante ya ƙara mana wani abu da mawaƙin Kano ko Sakkwato ba lallai ya sani ba. Cikin alamomin adinkra, waɗanda zane-zanen gargajiya ne na Asante masu ɗauke da ma'ana, akwai dwennimmen, wato ƙahonin rago, wadda take nufin ƙarfi tare da tawali'u, kuma tana cikin tambarin Jami'ar Gana da ke Legon. Wanda yake so ya nuna abin da ɗan rago zai zama idan ya girma bai rasa zuciyarsa ta farko ba, yana iya aro wannan, kuma masu sauraronsa a Kumasi za su gane, tunda suna ganinta a jikin atamfa da ƙofofin gidaje.

Game da zubi da tsari, waƙa irin wannan ta fi son gajerun ɗangogi da kalmomin yau da kullum, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, da amsa-amo mai sauƙi wanda yaro zai iya riƙewa. Ka yi amfani da kamantawa sau ɗaya idan ya zama dole, sauran ka bar wa alamtarwa, wato ka ajiye ɗan ragon da yaron kusa da juna ka janye hannunka. Rubuta waƙar Hausa a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne, domin Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan abubuwan da ya gani a zamaninsa.

Idan ka gama, ka rera waƙar da ƙarfi, domin kunne ne yake kama karyewar kari. Daga nan ka karanta ta ga mutum biyu: mai kiwon tumaki, da yaron da bai wuce shekara 10 ba. Mai kiwo zai gyara maka duk inda ka sa dabbar ta yi abin da ba ta yi, kamar ka sa ta ci dusa tun tana kwana biyu, ko ka kai ɗan wata uku wurin layya alhali mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne sai rago ya cika shekara. Yaron kuwa ka lura da fuskarsa, duk ɗangon da hankalinsa ya bar ka a kansa, yawanci a nan ne ka daina nunawa ka koma bayani, sai ka soke ɗangon ka sake komawa turke ka nemo abin da za ka sa a gurbinsa.