Sakoma da ba ta fiɗuwa: yadda ake haɗa kemo da gashi

Sakoma ciwon daji ce da ke tsirowa a tsoka ko kitse, galibi a cinya. Idan ta nannaɗe babbar jijiyar jini, ko cire ta zai tafi da ƙafar, likitan fiɗa kan dakata. Sai a haɗa kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya) da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura, wato radiotherapy), ko ta motse a yi aiki daga baya, ko a rage mata gudu da zogi.

Kafin a fara magani a ɗebi naman da allura a gwada, kamar yadda ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano. Nau'in sakoma ya haura 50, wasu ba sa jin kemo. A yi hoton MRI na wurin, da CT na ƙirji, domin huhu take fara zuwa. Kada a bari wanzami ya tsaga kumburin.

Kemon da aka fi bayarwa doxorubicin ne, sau da yawa tare da ifosfamide, duk kwana 21. Doxorubicin yana raunana zuciya, shi ya sa ake hoton zuciya tukuna, kuma jimillarsa a rayuwar mutum ba a so ta wuce miligiram 450 zuwa 550 a kowace murabba'in mita ta faɗin fatar jiki. Yana mai da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne. Ifosfamide kuwa yana sa mafitsara zubar jini, don haka ake haɗa shi da mesna, maganin da ke kare mafitsara, da ƙarin ruwa. Saboda doxorubicin yana tsananta ƙunar gashi, akan jera kemo da gashi bi da bi.

Gashi kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, Gy 2 a zama (Gy shi ne ma'aunin yawan gashi). In ana sa ran aiki, zama 25 a mako biyar. In babu, akan haura Gy 60. Kafin a kama hanyar Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, a tabbatar na'urar tana aiki, a tanadi masauki da kuɗin makonnin gaba ɗaya, domin tsayawa a tsakiya yana ba sakomar damar farfaɗowa. Kada a goge alamar da aka zana a fata, kada a shafa man zafi.

Haɗari mafi girma yana tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, lokacin da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta suka faɗi. A ajiye ma'aunin zafi a gida. In zafin jiki ya kai digiri 38, kada a ce maleriya ce a tsaya kemis ɗin unguwa. A wuce asibiti ko da tsakar dare ne, da katin kemo a hannu.