Yadda ake zaɓen dutsen ametirin da riƙe shi a zafin Jidda

Duk shekara idan alhazai suka gama aiki suka sauko Jidda neman tsaraba, sai an samu ɗan uwan da zai ce in raka shi Balad, tsohuwar unguwar kasuwannin Jidda, ya sayi zoben azurfa mai dutse. Da yawansu ido yakan tsaya kan ametirin, dutsen nan mai launi biyu: gefe guda shunayya kamar ɓawon jar albasa, ɗaya gefen ruwan zuma. Ba liƙa biyu aka yi ba, dutse ɗaya ne na ma'adinin kwaz, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba kowane gefe launinsa. Kusan duk na asali da ke kasuwa daga mahaƙar Anahi yake fitowa, a gabashin ƙasar Bolibiya.

Da farko, kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin fitilar shago. Ka nemi izini ka fito da shi bakin ƙofa, ka ɗora a kan farar takarda. Ka duba layin da launukan suka haɗu. Ni dai wanda aka yanka mai kusurwa huɗu, rabi da rabi, shi ne ametirin, sauran ban cika kallonsu ba. In ka ga 'yan kumfa a ciki, gilashi ne, mayar musu da abinsu. In shuɗi ne da rawaya, wannan ba daga ƙasa ya fito ba. Tun 1994 ake haɗa ametirin na masana'anta a Rasha, kuma ido kaɗai ba ya raba shi da na asali, saboda haka in kuɗin ya yi nauyi ka nemi takardar shaida. In bai yi ba, saya kawai, ai ba yaƙutu ba ne.

Yanzu ga inda mutane ke asara. Ka gwada zoben a yatsanka tun a shago, ka sayi daidai kai. Kawuna ya ɗauki wanda ya yi masa yawa, ya ce a rage. Na ce, "Kawu, a bari a cire dutsen kafin a sa wuta." Ya ce, "Kai yaro, gobe jirginmu zai tashi." Maƙerin da muka samu bai yi musu ba, ya yanka, ya kunna wuta ya liƙe. Da zoben ya huce, gefen shunayyar ya koɗe, ga tsaga ta ratsa ta kusurwa kamar zaren gashi. Kawu ya juya shi, ya sake juyawa, bai ce uffan ba.

Dalilin shi ne azurfa na saurin ɗaukar zafi, kuma liƙinta yana bukatar sama da digiri 600 na ma'aunin Salsiyas, alhali shunayyar kwaz tana fara juyewa rawaya tun wajen digiri 450. Da gangan ma haka ake gasa kwaz mai shunayya a samu yawancin rawayan dutsen da ake sayarwa da sunan sitirin. To ka tsaya a kan maƙerin: a cire dutse, a yi gyara, a mayar. Ƙarin 'yan riyal ne da jiran kwana ɗaya.

Rana ma tana cinsa, sannu a hankali. Kada ka bar shi a gaban gilashin mota ko bakin taga wata da watanni. Kada kuma ka fito da shi daga zafi ka tsoma a ruwan sanyi.

Wanki ba wani aiki ba ne: ruwa mai ɗumi, ɗan sabulu, tsohon buroshin haƙori, musamman ta ƙarƙashi inda sabulu da man turare ke taruwa su dushe shi. Taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, yaƙutu 9, lu'ulu'un daimon 10, duk suna karce shi, shi kuma yana karce fairuzu. Ka naɗe shi a ƙyallensa shi kaɗai kafin ya shiga akwati.