Yadda Ake Neman Siririn Mazarin Hawai a Rafin Daji

Yawancin sababbin da na raka cikin duwatsun Koolau na tsibirin Oahu, a jihar Hawai ta Amurka, kuskure ɗaya suke yi: idonsu na sama suna jiran abu ya gifta, alhali labarin yana cikin ruwa. Abin da ake nema shi ne siririn mazarin da mutanen Hawai ke kira pinapinao, na zuriyar Megalagrion. Nau'insa ya haura 20, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai waɗannan tsibirai. Amurka ta sa biyu a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a 2010, ta ƙara uku na Oahu a 2012, sannan mai ruwan lemo da baƙi a 2016.

Mataki na farko, takalmi. Ka kankare laka, ka fesa masa barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 kafin ka shiga daji da bayan ka fito, saboda cutar da ke kashe itatuwan ohia tana bin ƙasar da ke ƙafar mutum. Ba sai ka sayi takalmin ruwa mai tsada ba, tabi na masunta mai tafin da ba ya santsi ya fi min kowanne. In kana da ciwo a ƙafa, ka haƙura da ranar, domin ruwan rafukan na ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera.

Na biyu, kuma nan ne maganar take, ka karanta ruwan. Tsuguna a bakin kududdufi, ka yi shiru minti biyar. Idan ka ga ƙananan kifaye suna yawo a gungu a saman ruwa, tashi ka ƙara gaba. Waɗannan baƙi ne. An kawo kifin cin sauro daga Teksas a 1905 don ya cinye 'ya'yan sauro, daga baya wani ƙaramin kifin ado mai suna gofi (guppy) da ire-irensa suka biyo, sai suka haɗa da 'ya'yan mazari, waɗanda ke rayuwa a cikin ruwa kafin su yi fiffike kuma ba su saba da irin wannan maƙiyi ba. Ni kwana uku na yi a ƙasan wani rafi mai sanyi da inuwa, ruwa garau, ban ga ko ɗaya ba, don ban kula da kifayen da ke gabana ba. Sai da na haura saman wani magangarin ruwa da suka kasa hawa, nan na ga jan namiji na farko a kan dutse. Har yau ina jin zafin kwanakin nan, domin kyawun wurin ne ya ruɗe ni.

Amma kada ganin kowane kifi ya kore ka. Akwai oopu, ɗan asalin wurin, wanda ke manne wa dutse a ƙasan ruwa, har yakan hau magangari da wani abu kamar mazuƙi a cikinsa. Shi da mazarin sun daɗe tare. Ƙa'idata ita ce: na ƙasa mai kwanciya, zauna, na sama mai yawo, wuce.

Na uku, lokaci. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, a inda hasken rana ya ratso ganye ya sauka kan ruwa. Ranar hadari ɓata lokaci ne, kuma in ruwan rafi ya fara canza launi ko ya ƙaru, ka fita nan take, ambaliyar can ba ta sallama.

Na huɗu, tabbatar da abin da ka gani. Babban mazari yana buɗe fikafikai idan ya sauka, siririn kuwa yana haɗe su a bayansa, idanunsa kuma nesa da juna. Akwai sirara baƙi da aka shigo da su, musamman wani shuɗi mai yawa a tafkunan gari, kada ka rubuta shi a matsayin ɗan gida. Ka matso a hankali daga gefe, kada inuwarka ta faɗa masa. Namiji yakan koma dutsen da ya tashi, don haka ka jira shi a nan. Komar kamu ka bar ta a gida: dokar Amurka ta 1973 mai kare halittun da ke gab da ƙarewa ta hana taɓa waɗanda ke cikin jerin sai da izinin hukumar kifi da namun daji ta Amurka.

Sauran mai sauƙi ne. Hoto daga gefe da daga sama, ka rubuta rana, awa, yanayin sama da adadi. Duba jikin duwatsu ko za ka ga busasshiyar fatar da ɗan ya saɓe, ita ce shaidar suna hayayyafa a wurin. Ka miƙa bayanan ga hukumar, amma kada ka saka ainihin wurin a intanet.