Abin da za a ci bayan an cire haƙorin ƙurya

'Yan uwa, duk wanda aka cire wa haƙorin nan na can ƙarshen baki, wanda kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, don Allah kada ya zauna da yunwa. Ciwon yana buƙatar abinci kafin ya warke.

Ranar farko a tsaya kan mai sanyi da laushi: yogot, ayaba da aka dame da cokali, ko fiya. Daga kwana na biyu a shigo da ƙwai mai taushi, dankalin turawa da aka murƙushe da madara, da kifi dafaffe da aka tsince ƙayarsa tas. Ni ƙwai da kifi na fi so, su ke gina nama. Romo kuwa a bari ya huce sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne tsinken shan lemo. Jinin da ya daskare a ramin haƙorin shi ke rufe ƙashi, zuƙa kuma tana iya ɓamɓare shi, sai azababben ciwo ya taso bayan kwana biyu ko uku. A zuba abin sha a kofi a kurɓa. Zuƙar sigari ma tana iya ɓamɓare jinin.

Gyaɗa da shinkafa suna maƙalewa a ramin, yaji kuma raɗaɗi. A tauna ta ɗaya gefen.