Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta wa yara labarin ɓoyayyiyar duniya

Kuskuren farko yana bakin ƙofa. Marubuci zai ci shafi talatin yana bayanin dangin jarumi kafin yaron ya taka ɓoyayyiyar duniyar, alhali ɗan shekara goma ya ajiye littafin tun a shafi na takwas. A buɗe ƙofar kafin babi na biyu ya ƙare, kuma a sa ta inda yaron karkara yake wucewa kullum: kogon kuka a hanyar gona, tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba, ko gindin rumbu. A ba ta sharaɗi guda da ba ya canzawa, misali ba ta buɗuwa sai ranar da ruwan farko ya sauka.

Wanda ya fi kashe labari shi ne duniya marar doka. Idan komai yana iya faruwa, babu abin da zai sa gaban mai karatu ya faɗi. Kafin ka fara, rubuta dokoki uku a takarda, ka liƙa inda kake gani. Kowane abin al'ajabi ya zo da farashinsa. A ce yarinya ta samu ƙwaryar da ruwanta ba ya ƙarewa, amma duk lokacin da ta sha sai ta manta sunan mutum ɗaya na gidansu. Yanzu ƙishirwa ta zama shawara mai nauyi, kuma yara za su riƙa ƙirga sunayen da suka rage mata. Kada ka karya dokar a babin ƙarshe don ka ceci jarumarka, yara suna kama irin wannan maguɗin nan take.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda da yawa suke mantawa. A ƙauyukanmu, yaron da bai dawo ba har bayan magariba, an fito da fitila ana cigiya, an yi sanarwa a masallaci. To, idan jarumin ya yi wata guda a can, me ake ciki a gida? Ko dai wata gudan na can ya zama tsakanin azahar da la'asar a nan, ko ka rubuta neman da ake yi masa ya zama wani ɓangare na labarin.

Abin takaici ne a ga ɗan Ringim ko Ɓagwai ya cika duniyarsa da dusar ƙanƙara da dogayen gine-ginen da ya gani a fim. Ga duwatsun Birnin Kudu da zanen shanu na mutanen da, ga dausayin Baturiya inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai lokacin hunturu, ga dajin Falgore. Tsuntsun da ya keto sahara ai ya isa ya zama ɗan aike tsakanin duniya biyu. Gizo da Ƙoƙi da Dodo ma suna nan, sai dai a ba su sabon aiki, kada a sake ba da tatsuniyar da kaka ta riga ta bayar.

Kada wani tsoho mai sanda ya bayyana ya warware komai. Babba yana iya ba da shawara, amma yaron ne zai kuɓuta, da abin da ya iya tun daga gida: kiwo, harbin danƙo, gane sawun dabba, kacici-kacici. A kuma kula, jarumin da yake roƙon aljanu ko zuwa wurin boka zai sa iyaye da malaman islamiyya su hana littafin shiga gida.

Wa'azi a ƙarshen kowane babi yana gundurar yara. Babi kada ya wuce kalma 1,000, ya tsaya a kan gaɓar da za a ce "sai me ya faru?" A duba haruffa masu lanƙwasa wajen buga rubutu, domin mai koyon karatu zai rikice tsakanin "kafa" da "ƙafa". Kafin a kai maɗaba'a, a tara yara biyar ko shida bayan sallar isha'i a karanta musu babi uku da baki. Duk inda suka fara mutsu-mutsu, a sa alama da biro, a rage wurin.